Wasiƙa zuwa ga Dije daga Bolonya

Bolonya, Italiya, daren Lahadi

Ƙawata Dije,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da Alhajinki da yara da su Hajiya. Maman Walida ta gaya min kin ce tunda na hau jirgi na zama Baturiya, ko amsa gaisuwa sai an yi min tuni. To ki sauke fushin haka. Yara sun yi barci, Baban Amira yana can ya duƙufa a kan takardunsa, babu mai katse ni, kuma labarin da ke bakina ya fi ƙarfin saƙon waya.

Kin ce in samo miki ainihin yadda ake miyar naman nan ta Bolonya da kike zuba wa sufageti in an ba ki aikin biki, tunda ga ni a garinta. Na kai tambayar wurin Sinyora Luciya, tsohuwar nan ta ƙasanmu mai mage da na taɓa ba ki labari. Dije, dafe ƙirji ta yi. Ta ce a garin nan ba a haɗa wannan miya da sufageti, aikin baƙi ne da masu yaudarar baƙi. Na ɗauka rikicin tsufa ne, ashe har magajin garinsu na da, Virginio Merola, ya taɓa fitowa a 2019 yana ƙorafi a kan wannan magana. Su ragu suke ce wa miyar, kuma abokiyar tafiyarta taliyatelle ce, wata taliya mai faɗi da ake kwaɓawa da ƙwai. Kar ki yi dariya, faɗin taliyar ma a rubuce yake. Tun 1972 aka ajiye samfurinta na zinariya a ofishin ƙungiyar 'yan kasuwar garin, milimita 8 in ta dahu, sannan a 1982 aka kai tsarin girka miyar aka ajiye a can. Ina ma Inna Ladi ta ji wannan, da tuni ta kai miyar taushenta gidan Sarki a buga mata hatimi.

To ga labarin. Yau a gidanta muka ci abincin rana, mu duka.

Kin san tun zuwanmu matar nan take hawo mana bene da kwano a rufe, ni kuma ina karɓa da godiya ina rasa yadda zan yi da shi. Ƙasar nan, musamman wannan yanki namu, alade ya shiga ko'ina. Ba naman da za ki gani ki kauce ba ne matsalar, kitsensa ne, wanda suke kira sturutto. Yana cikin wasu burodin, yana cikin piyadina, wata gurasa da yara ke kwaɗayi a hanya. Yanzu ko Amira ta iya juya leda ta karanta bayanta kafin ta saka a kwando. Ita kuwa ragu ta asali da naman cikin alade ake fara soya ta, sannan a zuba giya rabin kofi. Da na daure na yi wa tsohuwar bayani da ɗan Italiyancin da na tsinta, shiru ta yi, ta ɗauki kwanonta ta sauka. Na ce shi ke nan, na ɓata zumunci. Sai jiya Asabar da safe na ji ana buga ƙofa, na buɗe na gan ta da jaka da lema, ta ce in kai ta wurin mahaucinmu.

Muka hau bas zuwa Bolonyina, unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda shagunan halal suke. Da kin ga yadda ta titsiye bawan Allahn nan, wani ɗan Maroko mai haƙuri. Ta sa ya fito da tsoka kusan kala huɗu, tana danna kowace da yatsa ta cikin leda, tana girgiza kai. Ta ce mai ɗan kitse take so, tunda babu abin da zai ba miyar maiƙo, kuma a niƙa sau ɗaya tak, da manyan ƙofofin inji, kar a mayar mata da nama kunu. Mutane sun yi layi a bayanmu, ko a jikinta. A hanyar dawowa ta tsaya ta sayi sabuwar tukunya da sabon cokalin katako, ba tare da na ce mata komai ba. Wallahi nan idona ya kawo ruwa, sai na wayance da cewa iska ce.

Yau tun da safe na sauka in taya ta, ko in ce in yi kallo, domin aikin da ta yarda ta ba ni yankan albasa ne da karas da seleri, shi ma ta dawo min da shi in ƙara daddatsawa. Ba tafarnuwa, ba tattasai, ba attaruhu, ba kori, dunƙulen ɗanɗano kuwa ko sunansa ba a ambata a ɗakin girkinta. Tumatir ɗan kaɗan, har na ce a raina wannan miyar marowata ce. Ta soya kayan a man zaitun da ɗan man shanunsu a hankali, ta zuba nama ya soyu har ya fara kama gindin tukunya, inda giya za ta shiga ta zuba romon nama, can gaba ta ƙara madara. Eh, madara a miyar nama, ni ma na yamutsa fuska. Daga nan ta rage wuta ƙasa-ƙasa ta bar ta fiye da awa biyu tana ɗan tsuwa.

Abin kallo shi ne murzar taliyar. Ta tara fulawa a kan wani faffaɗan katako da ta ce na mahaifiyarta ne, ta yi rami a tsakiya, ƙwai ɗaya ga kowane giram 100 na fulawa, ba ruwa ko ɗigo. Ta cuɗa, ta rufe ya huta, sannan ta ɗauko sandar murzawa wadda ta kusa kai mata ƙirji. Matar da ke hawa benenmu tana nishi, sai ga ta tana tura sandar nan da tafin hannu, tana naɗe kwaɓin a jikinta tana warwarewa, tana juya shi kaɗan-kaɗan, rabinsa na reto a bakin tebur bai yage ba. Da ta gama ta ɗaga shi saitin taga, ina hango inuwar yatsunta ta ciki. Ta naɗe, ta bi da wuƙa tsaf-tsaf, ta zazzage, sai ga zare-zare rawaya. Na ba ta labarin injin taliyarmu na gida da yadda ake shanya ta a igiya a tsakar gida, mu ci da manja da yaji. Ta saurara sosai, ta ce inji na masu sauri ne, katako ne ke ba taliya kaushin da miya za ta kama.

Af, kafin in manta, da gaske ne Binta ta koma gidan Sani? Bayan duk rantsuwar nan da ta yi a gabanmu? In haka ne ki ce mata ina jiran kuɗin katin da na ƙona ina ba ta baki. Kuma wa ya gaya miki na yi ƙiba? Hoton ne, rigar sanyi ce.

A teburin ne aka yi daru. Ta gayyato yayarta, wata doguwar tsohuwa mai jan baki, wadda ta ɗanɗana, ta ajiye cokali, ta ce abinci ya yi daɗi amma kar a kira shi ragu. Luciya ta ce a gidanta aka dafa, ita ke da ikon raɗa masa suna. Daga nan suka haye sama, hannuwa na tashi, Baban Amira yana fassara min a kunne yana ƙunshe dariya. Ashe tsohon miki aka taɓo. Akwai wani abincinsu da suke ji da shi, tortelini, 'yan ƙananan ƙulli na taliya da ake cusa wa naman alade da cuku a dafa a romo. A 2019, lokacin bikin San Petronio, waliyyin garin, da suke yi kowace 4 ga Oktoba, aka yi wasu kaɗan da naman kaza saboda waɗanda ba sa cin alade. Gari ya ɗauka, jaridu suka yi ca, 'yan siyasa suka shigo, har babban limamin cocin garin, Matteo Zuppi, ya sha suka. Yayar tana cikin waɗanda har yau ba su huce ba. Tana wannan faɗan tana ƙara wa Abba taliya a faranti, tana goga masa cukun Parmigiano a kai, tana cewa yaron nan ba a ba shi abinci. Ni dai ban ga ƙiyayya a idonta ba. Kishin girkin uwarta take yi, kuma na san matan da za su yi fiye da haka a Kano in aka ce za a yi dambu da wani abin da ba su saba ba. Abin da na kasa sabawa da shi dokokin ne: kar a karya sufageti, kar a zuba cuku a kan kifi, kar a sha kofi mai madara bayan an ci abinci. Baban Amira ya nemi yaji, na taka masa ƙafa.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Da za mu tashi, bakina ya riga ni, na ce su ma sai sun zo sun ci namu, har da yayar. Suka amsa nan take. Me zan dafa musu, Dije? Tuwon masara ba zai ba su tsoro ba, domin suna da nasu da suke kira polenta, kusan ɗan uwansa ne, sai dai nasu ya fi ruwa. Miyar ce damuwata. Kuka nake so in yi, amma ina tunanin fuskar yayar nan in ta ga koriyar miya tana yauƙi, ga ƙamshin daddawa ya cika bene. Baban Amira ya ce in yi shinkafa dafa-duka in huta. Na ƙi. Matar da ta sayi sabuwar tukunya saboda ni ba zan ba ta abincin da za ta iya samu a kowane shagon 'yan Afirka ba. Ko in yi masa da miyar taushe? Kabewa suna da ita mai kyau a wannan lokaci, har cusa ta suke a taliya. Gyaɗa da alayyafo ma ba wuya. Tandar masa ce babu.

Kukar da nake da ita ta kusa ƙarewa, kuma wadda Malam Awudu ke kawowa ta sha iska. Ba na iya yi masa ciniki. Mutumin zangon Kumasi ne, ya yi shekaru yana tsinkar tumatir a gonakin Foja da ke kudu, inda ake biyan mutum da yawan akwatin da ya cika, dillalan ma'aikata su zaftare nasu, har kuɗin motar zuwa gona. Bayansa bai ƙara miƙewa daidai ba. Tun da ya ba mu labari nake kallon gwangwanin tumatir da wani ido.

Don haka ga aikinki. Ƙanin Baban Amira zai taso ƙarshen wata. Ki aika Kasuwar Rimi a samo min kuka sabuwa mai kore shar, da daddawa ta kalwa, da busasshiyar kuɓewa, da yajin Inna Ladi in tana da saura. A ƙulle daddawar a leda uku, ba na son yaron ya ji kunya a jirgi. Kar ki saka kilishi ko man shanu duk yadda Hajiya ta matsa, ba a shigo da nama ko kayan madara Turai a jaka, ƙwacewa za su yi. In akwai ƙaramar tanda da ba za ta yi nauyi ba, ki haɗa da ita, zan turo kuɗin ta hannun Yaya.

Ki gaida Alhajinki, ki ce masa na ji labarin sabuwar motar, saura ya koya miki tuƙi kafin ya fara tunanin wadda zai ɗauka a gaba. Ki shafa min kan Ummi. Ki amsa min maganar miyar da wuri, kuka ko taushe, kuma kar ki ce min duk wadda na ga dama.

Taki,
Rukayya