Abokina na rediyo ya rasu, ya bar mini amanar da ta fi ƙarfina

Assalamu alaikum Malam,

Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka. Na daɗe ina sauraron shirinka, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan kawo kukana ba. Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar, dole sai na faro daga tushe.

Ni ɗan rediyon sha'awa ne, wato irin mutanen nan da ke cin jarrabawa su karɓi lasisi da lambar kira daga hukuma, su kafa eriya a gida suna gaisawa da takwarorinsu na duniya ta gajeren zango, ba don kuɗi ba. A 1989 na haɗu da abokin da nake magana a kansa. A shekarar nan rana ta kai ƙololuwar zagayenta na shekara 11, lokacin da baƙaƙen tabo ke yawaita a fuskarta, can ƙolin sararin sama kuma ya riƙa dawo da igiyar rediyo ƙasa da ƙarfi, har ƙaramar na'ura ta ƙetare teku. Wani dare a kan mita 20, wajen megahaz 14, na buga CQ, wato kira ga duk mai ji, da madannin Mos, ɗan abin da ake latsawa a tura saƙo da gajeru da dogayen sautuka maimakon murya. Sai ga wata siririyar amsa ta ratso cikin ƙara, lambar ta fara da PY. Mutumin Brazil ne.

Ba na jin harshensa, ba ya jin nawa. Da guntun Turanci da gajerun alamomin da duk ɗan rediyo ya sani muka fara: QTH ina kake, QRM wani na damun layi, 73 gaisuwar ban kwana. Muka yi musayar katin QSL, shaidar cewa mun yi magana, daga nan muka tsayar da kowace Lahadi ƙarfe 9 na dare agogon GMT. Malam, sama da shekara 30 muka yi a kan wannan alkawari. Ko a 2008 da 2009 da tabon rana suka yi ƙaranci, mita 20 ta riƙa mutuwa da wuri, sai muka koma mita 40 muna lalubar juna. A 2003 hukumar sadarwa ta duniya ta daina wajabta iya Mos ga masu neman lasisin gajeren zango, da yawa suka ajiye madanni, shi kuwa ya ce har ya mutu ba zai ajiye ba.

Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma na san hannunsa. Kowane mai buga Mos yana da nasa salon, kamar rubutu. Shi in ya zo ƙarshen 73, yakan ɗan ja dogon sauti na ƙarshe, kamar mai riƙe hannunka bayan an gama gaisawa. Ko tashoshi goma ke cakuɗe, da na ji wannan jan na san shi ne. Ta hannun nan na gane ranar da matarsa ta rasu tun kafin ya faɗa, don bugun ya yi ta sarƙewa.

Dokar rediyon sha'awa ta hana ɓoye ma'anar saƙo, kowa na iya sauraro, saboda haka maganar sirri a takarda muke yin ta. A wata wasiƙa da ya aiko mini shekara 6 da suka wuce, ya ba ni labarin ɗansa da suka yi saɓani har yaron ya bar gida, suka daina magana. Ya rubuta cewa shi ne mai laifi, ya yafe wa yaron tuntuni, kullum yana kewarsa, amma bakinsa ya kasa furtawa. A ƙasan takardar ya ja layi biyu a ƙarƙashin roƙonsa: wannan magana ta tsaya tsakaninmu.

Bara iska ta kayar da eriyata. Na yi ta cewa gobe zan gyara, jibi zan gyara, har wata 5. Ina da adireshinsa, ko layi ɗaya ban rubuta masa ba. Ranar da na koma kan iska na yi ta kira, shiru. Bayan mako 3 saƙon 'yarsa ya iso ta imel, cewa mahaifinta ya rasu. Mu a tsakaninmu mukan ce madanninsa ya yi shiru. Ta haɗo da hoton shafin ƙarshe na kundin da yake rubuta duk wanda ya yi magana da shi. Kowace Lahadi ga lambata da rubutunsa, ga ƙarfe 9, gefen kuma babu komai. Layi na ƙarshe da ƙyar ake karanta shi saboda rawar hannu. Har yau in na tuna shafin nan barci ƙaurace mini yake.

To ga inda na rasa tudun dafawa. 'Yar ta ce za ta aiko mini da madanninsa, ta kuma roƙe ni in faɗa mata duk abin da mahaifinsu ya taɓa cewa game da su, don a gida ba mai yawan magana ba ne. Ta ce ƙaninta ya shiga mummunan hali, ya yi imani mahaifinsu ya mutu yana fushi da shi. Ni kuwa ga takardar a akwatina, wadda layi uku daga cikinta za su sauke wa yaron nan dutsen da ke ƙirjinsa.

Zuciyata ta fi karkata ga in aika. Ina ganin kunya ce ta sa ya roƙi sirrin, ba don yana son ɗansa ya zauna cikin duhu ba. Amma ina tsoron kaina, Malam. Na riga na saɓa masa alkawarin Lahadi yana raye, kada ya zama ina neman wanke laifina ne da cin amanarsa bayan ransa, ina kiran abin tausayi.

Shin amanar mamaci tana nan daram ko da riƙe ta na cutar da ɗansa? In ka ga ya dace in faɗa, takardar zan aika da rubutun hannunsa, ko in faɗi ma'anarta da bakina in riƙe sauran? Ga 'yar zan miƙa, ko in nemi hanyar yaron kai tsaye? Mako 2 ke nan tana jiran amsata.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naka,
Wani dattijo mai sauraronka