Mun Mayar da Zaure Shago, Muna Kuma Tambayar Ina Yara Suka Shiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in sa baki a maganar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a Kano, ta faɗan daba da ƙwacen waya. Duk wanda ya tashi magana sai ya ce tarbiyya ta lalace, iyaye sun yi sakaci. Ban musa ba. Amma ni da aka haifa a cikin ganuwa, tsakanin Jakara da Kasuwar Kurmi, na kuma yi wayo tun ana kashe sule da sisi, akwai abin da ban ji ana faɗa ba. Tarbiyyar da ake kukan rashinta ba a ɗaka kaɗai aka yi mana ita ba. Da yawanta a waje muka samo, a gaban tireda, a kan dakali, a zaure, a dandali. Wuraren nan kuwa mu da hannunmu muka kawar da su.

A bakin lungunmu akwai wani dattijo mai tireda, kowa Baba yake ce masa. Tiredar ba wata aba ba ce, taga ce aka fasa a jikin katangar ƙasa aka sa mata ƙyauren katako. A ciki akwai sukari mai ƙwaya da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, da madarar gwangwani, da ashana, da sabulun sanda da yake yankawa daidai kuɗinka, da allura da zare, da kananzir da ake aunawa a kwalba da mazurari. Alewa tana cikin wata babbar kwalba a inda idon yaro zai fara sauka. Da magariba ya kunna aci-balbal. Iyayenmu mata suna kulle, saboda haka mu ne ƙafarsu. Ka zo ka tsaya ka ce, “Wai in ji Inna a ba ta kananzir na taro, za ta aiko ran Juma'a.” Ba ya tambayar wace Innar. Ya auna, ya ɗauki gawayi ya ja layi a bayan ƙyaure, shi ke nan an rubuta bashi. In ranar sa'arka ce ya jefo maka ƙwayar sukari gyara.

To amma je masa da sule guda ka ce alewa kake so. Zai dube ka, ya dubi kuɗin, ya ce, “Wa ya ba ka?” Kana in-ina ya riga ya jefa sulen a aljihu. Ba zai dake ka ba, ba zai ma ɗaga murya ba. Kafin ka isa gida ya tura wani yaro da kuɗin da saƙon a duba ko na cefane ne. Har yau ban ga ofishin 'yan sandan da ya kai wannan taga saurin gano ɓarawo ba.

Shi ne kuma ya zama malaminmu na lissafi a farkon 1973, da aka bar fam aka koma naira. Fam ɗaya ya zama naira 2, wannan bai dami kowa ba, don ba kowa ke riƙe fam ba. Rigimar tana wajen sule, wanda a da kwabo 12 ne, aka wayi gari ya koma kwabo 10. Tsofaffi mata suka rantse gwamnati ta cinye musu kwabo biyu-biyu. Baba ya yi ta jera tsohon kwabo mai huji da sabo a kan katako yana bayani, mu muna kai bayanin cikin gida, ana koro mu da wata tambayar.

Ba tireda kaɗai ba. Kowane gida da abin da aka san shi da shi: nan ƙosai da koko, can dakuwa, gaba alkaki da nakiya, wani gidan tuwon madara da gullisuwa. Gurasa kuwa ai a gida take, don Jakara ba ta da na biyu. Tun asuba ƙamshin tanderu ke tashe mu, a yayyafa mata ruwa, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba mai da albasa, ga bandashe. Yaron da ake aike gidaje goma a yini, gidaje goma ne suka san fuskarsa da sunan ubansa, kuma kowace uwa a cikinsu tana da ikon ja masa kunne.

Alhamis da Juma'a babu makarantar allo, sai mu faɗa Kurmi. An ce tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kasuwar take ci, amma mu a lokacin ba tarihi ya kai mu ba. Kallo muke zuwa. Mu tsaya wajen dukawa suna ɗinkin fata, mu wuce 'yan turare, mu leƙa masu sayar da littattafan addini, mu tsugunna gaban maƙeri har ya gaji da mu ya miƙa wa ɗayanmu zuga-zugi. Wani lokacin mu miƙe har marinar Ƙofar Mata mu ga an tsamo zane kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a kan idonmu. A cikin abokan wasana akwai waɗanda sana'ar da suka ci abinci da ita har tsufa daga wannan tsugunnon suka ɗauke ta. Ba wanda ya kai su, ba wanda ya biya kuɗin koyo.

Da dare, in akwai farin wata, dandali ya cika. 'Yan mata na gaɗa, mu muna langa, in azumi ya kai goma a fito tashe. Abin da ake mantawa shi ne dandalin ba a bayan gari yake ba. Taku kaɗan ne tsakaninsa da dakalin da dattawa ke hira bayan lisha. Suna taɗinsu kamar ba su san da mu ba, amma a yi ashar ɗaya ka ji an kira sunan mai yin ta. Sinima kuwa haramiyarmu ce. Gobarar sinimar El-Duniya ta 1951, wadda ta ci sama da mutum 300, ba ta bar bakin iyayenmu ba, ga shi dama suna ganin wurin na 'yan iska ne. Wanda ya saci jiki ya tafi Orion ko Plaza, labarinsa na riga shi zuwa gida.

Kada a ce ina wanke jiya. Daba ba yau aka fara ta a birni ba, mun taso mun tarar da 'yan tauri da 'yan farauta da gabar unguwa da unguwa. Kududdufan da muke wanka sun ci yara, sauronsu kuma ya ci wasu. Sai dai a lokacin an san ɗan daba, an san gidansu, an san dattijon da in ya ce masa ajiye zai ajiye.

Yanzu a zo a zaga lungunan. Zauren da baƙo ke sauka, almajirai ke karatu, yara ke fakewa in ana ruwa, an toshe ƙofarsa ta ciki an fasa ta waje, an sa ƙofar ƙarfe, ya zama shagon haya. Mai shagon daga wata unguwa yake zuwa, da magariba ya ja ƙofa ya tafi. Yaro ya kawo masa dubu goma ya ce a tura ta POS, ba ruwansa da ɗan gidan wa ne, kuma ban ga laifinsa ba, don bai san kowa ba. An fasa dakali don mota ta samu wurin tsayawa. An cike kududdufai an yi gini, ruwan da ya rasa wurin zuwa yana shiga ɗakunan mutane duk damina. Badala ma, wato ganuwar birni, ana ta gutsurarta. Masu ɗan hali sun koma Rijiyar Zaki da Sharaɗa da Hotoro sun ja get. Na san dalili: gado ne ake rabawa tsakanin mutum ashirin, kuɗin hayar shago kuma shi ke ciyar da wata gwauruwa da marayunta. Namu zauren ma haka ya tafi, kuma da sa hannuna. Amma yaron da aka haifa a lungun nan yau, in ya fito daga ɗakin da suke kwana su takwas, ina zai tsaya? Lungu na babura ne. Abin da ya rage masa gidan kallon ƙwallo, sai kango, inda babu babba ko ɗaya.

Ba siyasa na zo yi ba, kowa ya ga ƙurar da ta tashi a 2023 a kan rushe shagunan Filin Idi. Roƙona ga masu unguwanni da hakimai da masu tsara birni shi ne 'yan filayen da suka rage, musamman na makarantun firamare na cikin gari, a bar su fili, a kuma bar yara su shiga da yamma, da wani dattijo ko biyu a bakin ƙofa. Mai gyara gida kuma, in da hali, ya bar dakali ko na mutum uku ne.

Ku kuma, ranka ya daɗe Edita, ku turo wakilinku da na'urar ɗaukar magana ya zauna da tsofaffin Jakara da Koki da Yakasai da Mandawari. Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi, ya adana takubba da hotunan sarakuna, amma ba wanda ya rubuta wane gida ne ke yin alkaki, ko ina dandalin kowace unguwa yake kafin a gine shi. Masu wannan sani suna ta raguwa. In zai zo, ya zo da hantsi, ya kuma nemi izinin shiga cikin gida wajen tsofaffi mata, don sun fi mazan riƙe sunaye.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan cikin birni, Kano