Sanarwa kan ziyararmu ta Abuja

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Tafiyar Abuja tana nan ranar Laraba mai zuwa, in sha Allahu. An zaɓi Laraba ne saboda Majalisar Dokoki ta Ƙasa takan zauna daga Talata zuwa Alhamis, kuma mun riga mun aika takardar neman izinin shiga. Kowa ya riƙo katin shaidarsa. Wanda ya manta, a bakin ƙofa zai tsaya. Majalisa da Kotun Ƙoli da Fadar Shugaban Ƙasa duk a gindin dutsen Aso suke, amma Fadar sai dai hange daga nesa. Don Allah samari, ban da ɗaukar hoto a shingen jami'an tsaro.

Azahar a Masallacin Ƙasa za mu yi ta, wanda aka gina a 1984, tun kafin gwamnati ta baro Legas a Disamban 1991. Daga nan sai Dandalin Eagle, inda ake rantsar da shugaban ƙasa. In lokaci ya rage, mu tsaya a dutsen Zuma na jikin naira 100, ko da yake shi a jihar Neja yake.

Mota za ta tashi bayan Asuba. Masu zuwa su rubuta sunayensu a nan kafin Litinin.