Ɗalibai ku daina cika manazarta da littattafan da ba ku taɓa gani ba

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini.

Ni mai shagon buga takardu ne a bakin wata jami'a nan Kano, to lokacin furojek, wato binciken kammala digiri, ya zo kuma abin da nake gani a shafin manazarta wallahi ya ishe ni. Satin da ya wuce wani yaro ya kawo min filash, a ƙarshen aikin ya jera littattafai sun fi 40, na duba cikin babukan ko 15 ba su fito ba, wani marubucin ma a ciki an sa masa 2015 a baya kuma 2005. Na ce ƙanena ina ka samo waɗannan? Ya yi dariya wai na wani ne da ya gama bara, ya kwashe duka. Yanzu kuma ga ChatGPT, manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, sai ya ƙirƙiro maka sunan littafi da marubuci da shekara tsaf, ka shiga Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana, ka yi ta nema ka rasa don babu shi a duniya.

Abin mamaki mu fa ba baƙin wannan harka ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya san ba a jefo hadisi haka kawai, sai an ce wa ya ruwaito, Bukhari ne ko Muslim. APA ɗin da ake ta jin tsoro, wato tsarin rubuta manazarta, ai ita ke nan, wa ya faɗa, yaushe, a ina. Bugu na 7 ya fito tun 2019 kuma ya cire sunan garin da aka buga littafi, amma wasu sassan jami'a har yau na 6 suke bi, don haka ka tambayi sufabaizanka kafin ka biya ni kuɗin firintin sau biyu.

Inda aka fi yin asara shi ne hira. Yaro zai je ƙauye ya zauna da dattijo awa biyu, ya dawo bai rubuta cikakken sunansa ba balle shekarunsa ko ranar da aka yi hirar, sai ranar difens, wato ranar kare aikin gaban malamai, ya hau kame-kame. Haka wanda ya je gidan adana takardun tarihi na Kaduna ya ɗauko hoton takarda a waya ya manta lambar fayil, sai ya sake biyan kuɗin mota.

Akwai manhajar Zotero, kyauta ce, ita ke jera maka manazartar da kanta. Malamai don Allah ku nuna musu tun suna aji biyu, ni na gaji da gyaran waƙafi da ƙarfe goman dare.

Naku,
Mai shagon buga takardu, Kano