Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sakataren Lafiya Na Amurka

Mai girma Sakatare,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, magana ɗaya ce ke tafe da ni: takardar kiyasin kuɗin magani da doka ta yi wa masu inshora alkawari har yau ba ta shiga hannunsu ba.

Dokar No Surprises Act, wadda ke kare majiyyata daga cajin kuɗin magani na ba-zata, ba baƙuwarka ba ce. Shugaba Trump ne ya sa mata hannu a Disamban 2020, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. A ƙarƙashinta, wanda ba shi da inshora, ko wanda zai biya daga aljihunsa, dole a ba shi kiyasi a rubuce kafin a duba shi. In kuɗin da aka caje shi ya zarce kiyasin da dala 400 ko fiye, yana da kwana 120 ya kai ƙorafi. Wannan an yi, mun gode.

To masu inshora fa? Ai dokar ce ta ce asibiti ya aika wa kamfanin inshora kiyasinsa, kamfanin kuma ya sanar da majiyyaci tun kafin ranar ganin likita nawa zai ɗauke masa, nawa zai bar masa. A Agustan 2021 ma'aikatarka da ta ƙwadago da ta baitulmali suka jingine tilasta wannan sashe, sai an daidaita yadda asibitoci da kamfanoni za su riƙa musayar bayanai. A 2022 aka nemi ra'ayoyin jama'a. Majiyyaci dai yana nan yana jira.

Ka dubi mai fama da damuwa da ke ganin likitan ƙwaƙwalwa duk mako. Ana yankar kuɗin inshora a albashinsa kowane wata, amma sai ya yi zama da yawa takardar biya za ta iso, a lokacin bashi ya riga ya taru. Wani daga nan yake daina zuwa, ciwon kuma ya dawo masa sabo. Wallahi wannan zalunci ne.

Ko kiyasin marasa inshorar ma, ba a tilasta a haɗa da kuɗin sauran likitocin da za su sa hannu a aikin ba, irin mai ba da maganin barci lokacin tiyata.

A Fabrairun 2025 Shugaban Ƙasa ya ba da umarni a bayyana wa majiyyata ainihin farashin magani. Don Allah ka cika wannan da aiki. Ka fitar da ƙa'idar aiwatar da sashen masu inshora, ka sa wa kamfanonin inshora ranar da za su fara aika takardar, ka faɗa wa jama'a ranar.

Naka,
Wani mai biyan inshora a Amurka