Wasiƙa daga Manchesta: hanyoyin da nake gudu a kansu

Manchesta, Ingila

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, da iyali, da su Inna da Baba. Ni dai lafiya lau, sai godiyar Allah. Aiki na tafiya yadda ya kamata, sanyi kuma ya fara leƙowa tun da Oktoba ta kama.

Saƙon Inna ya iso ni. Ka ce tun da ta ga hoton da na turo, ni kaɗai a fili ga shanu a bayana, hankalinta ya kasa kwanciya, tana ta tambayar gonar wa nake ratsawa da gudu, kuma da izinin wa. Tambayarta na kan hanya. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta dalla-dalla ka karanta mata a natse.

Gonar tana da mai ita, kuma ban san shi ba. Amma hanyar da ta ratsa ta tsakiyarta ta jama'a ce, doka ce ta ba kowa ita. Kamar burtali take, sai dai wannan don ƙafar mutane aka bar ta. A Ingila da Wales akwai irin waɗannan hanyoyi da tsawonsu ya kai kimanin mil 140,000, duk an zana su a taswirar hukuma. A bakin kowace za ka ga ɗan allo da kibiya: mai ruwan ɗorawa ta masu tafiya a ƙasa ce, shuɗiya kuma har da masu doki da keke. Manomi ba shi da ikon toshe ta. Ko da ya yi huɗa ya bi ta kanta, wajibi ne ya gyara ta cikin kwana 14. Mu kuma namu shi ne kada mu kauce daga kanta, mu bar ƙyaure yadda muka same shi, kada mu firgita dabbobi. Inda katangar dutse ko shinge ya tare hanya, akwai 'yar matakala ta katako, taki biyu ka hau, ka ɗaga ƙafa ka tsallaka. Katakon ya sha ruwa ya yi kore da gansakuka, santsi gare shi, don haka duk saurinka a nan sai ka tsaya ka dafa.

Abin da nake so ka sani, Yaya, shi ne wannan 'yanci ba kyauta masu ƙasa suka ba da shi ba. Akwai wani tsauni gabas da nan da ake kira Kinder Scout, tsayinsa mita 636. A da masu shi sun keɓe shi don harbin tsuntsaye, sun zuba masu gadi, talaka bai isa ya taka ba. Ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan matasa, akasarinsu ma'aikatan masana'antu daga Manchesta da Sheffield, suka hau shi da gangan a bainar jama'a. Aka yi dambe da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar a kurkuku, ciki har da jagoransu Benny Rothman, wanda shekarunsa 20 kacal a lokacin. Ɗaurin nan ya tunzura jama'a. A 1949 majalisa ta yi dokar kafa gandayen ƙasa, a 1951 yankin Peak District, inda tsaunin yake, ya zama na farko a cikinsu, sannan a 2000 aka ƙara wata doka da ta buɗe tsaunuka da filayen da ba a nomawa ga mai tafiya a ƙasa. Duk lokacin da na tsallake shinge ba tare da wani ya daka min tsawa ba, ina tuna mutanen nan. Masu aikin ƙarfi ne kamar ni, da ke fitowa daga hayaƙi sau ɗaya a mako suna neman iska.

A cikin gari na fara, a Heaton Park, wani makeken lambu mai kimanin eka 600 da hukumar birni ta saya a 1902. Kowace Asabar da ƙarfe 9 na safe ana taruwa a yi gudun kilomita 5 da suke kira parkrun. Ba a biyan ko sisi. Ka yi rajista sau ɗaya a intanet, a ba ka lamba, in ka gama a duba ta, sakamakonka ya zo maka a waya. Mutum 13 ne suka fara shi a Bushy Park da ke Landan a 2004, yanzu ya bazu ƙasashe da yawa. Abin da ya sa na ƙaunace shi shi ne akwai wani ɗan sa-kai da aikinsa kawai ya tako a bayan kowa, don kada wani ya zama na ƙarshe. Za ka ga tsohuwa da sanda, ga mai tura jariri a keke, ga saurayi kamar walƙiya, duk ana tafa musu daidai. A nan na fara samun waɗanda muke gaisawa da su ban da abokan aiki.

Amma inda zuciyata take shi ne Lyme Park. Daga tashar Piccadilly jirgin ƙasa kan kai ni garin Disley cikin kusan rabin sa'a, daga nan sai ƙafa. Gidan manyan masu ƙasa ne na dangin Legh, waɗanda suka riƙe wurin tun ƙarni na 14, har 1946 da aka miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da aka kafa a 1895 don adana tsofaffin gidaje da filaye. Faɗinsa ya kai eka 1,400. Da ka shiga sai hawa. A kan tudun farko akwai wata hasumiyar dutse mai kusurwa huɗu, ita kaɗai ba bishiya kusa da ita, suna ce mata The Cage. Daga cikinta manyan gida kan kalli farauta a da, daga baya kuma aka riƙa kulle waɗanda aka kama a cikinta. Kafin ka kai gindinta ƙirjinka na zafi, cinyoyinka sun yi nauyi, iska kuma tana dukanka ta gefe har sai ka karkata. In ka juya, ga Manchesta can ƙasa a shimfiɗe da dogayen benayenta, ga Kinder Scout ta ɗaya gefen. Nakan tsaya a nan in mai da numfashi, in yi wa Allah godiya.

Wannan watan ne lokacin barbarar jajayen bareyin da ke wurin. Girmansu ya wuce yadda kake zato, namijin ya kusa maraƙi, ƙahonsa rassa-rassa. Makon jiya da sassafe na ga wani ya miƙe wuya yana ruri, tururi na fita daga bakinsa saboda sanyi, ciyawa ta maƙale a ƙahonsa, matansa sun taru a bayansa. A irin wannan lokaci ba a matsa musu, nesa ake bi. Haka ma saniya mai ɗan maraƙi a gona: ba na gudu kusa da ita, takawa nake a hankali ta gefen shinge har in wuce. Ka faɗa wa Inna wannan da kyau.

Ran da jiki bai son hawa, sai in bi gefen Bridgewater Canal, hanyar ruwan da aka buɗe a 1761 don jigilar kwal zuwa Manchesta. Shimfiɗe take sumul, tana kai ka kusa da Dunham Massey, wani tsohon gidan da aka mayar asibitin sojoji a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Kyan gidajen nan ba ya hana ni tambayar daga ina dukiyar ta fito. A 2020 ita National Trust da kanta ta fitar da rahoto cewa 93 daga cikin wuraren da take kula da su suna da alaƙa da cinikin bayi ko mulkin mallaka. A shekarar ce aka cire wani gunki daga gaban gidan Dunham Massey, na baƙar fata a durƙushe yana ɗauke da agogon rana a kansa. Abin ya taɓa ni sosai. Wasu 'yan'uwanmu a nan cewa suke ba su da abin yi a irin waɗannan wurare, na Turawa ne. Ni ban yarda ba. In har guminmu na cikin abin da ya gina wasunsu, to mun fi kowa cancantar shan iskarsu. Gaskiya ne in ka fita ƙauye da wuya ka ga baƙar fata, kuma wani lokaci akan bi ka da kallo. Amma mafi yawan waɗanda nake haɗuwa da su gaisuwa ce tsakaninmu, wani ma ya riƙe maka ƙyaure ka wuce.

Jikina ya canja, Yaya. Ciwon bayan nan da nake kuka da shi ya ragu ƙwarai, barci na zuwa da wuri, kuma kewar gida da kan danne ni ranakun hutu ta yi sauƙi tun da na daina wuni a ɗaki. Hunturu na tafe, a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, don haka na sayi tocilar goshi da riga mai ƙyalli, da takalmi mai haƙora a ƙasa saboda taɓo. Ba na fita sai waya na da caji, kuma sai na gaya wa abokin zamana inda na nufa da lokacin dawowata.

In Allah ya kai mu bazara, ina da niyyar bin Gritstone Trail, hanya mai tsawon kilomita 56 da ta tashi daga Disley, ta ratsa Lyme, ta ƙare a Kidsgrove. Kashi-kashi zan yi ta, kuma tare da abokai biyu da muka saba a gudun Asabar. Ka roƙa min Inna da Baba su sa min albarka a kai.

Ka gaida matarka da yara, da su Gwaggo da Kawu, da duk wanda ya tambaye ni. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Ƙaninka