Fuskar gida: a duba rana da hadari, ba shekarar haihuwa ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini kan wasu bidiyoyi da ke yawo a wayoyi, masu cewa ƙofar gida kan jawo tsiya in ba ta dace da shekarar haihuwar mai gidan ba. Har masu sabon gini a nan Birnin Kebbi sun fara yi wa magina tambaya a kai.

Sunan abin feng shui, al'adar Sinawa ce, ma'anarsa "iska da ruwa". A lissafinsu akwai dabbobi 12, kowace da shekararta da kuma nahiyarta: ɓera arewa, doki kudu, zomo gabas, zakara yamma. 2026 shekarar doki ce, don haka suke cewa kada a yi haƙa ko a fasa bango ta kudu a cikin shekarar, kuma haihuwar shekarar ɓera, irin su 1984 da 1996, su yi hattara. Maganinsu shi ne madubi mai kusurwa takwas a saman ƙofa, ko ƙararrawar iska mai sandunan ƙarfe shida, ko kwalbar ruwan gishiri da sulalla shida a ciki. Rataya sa'a ga waɗannan camfi ne, malamanmu sun yi bayaninsa. Ta fuskar gini kuwa, gishirin nan yakan tsattsafo ya ci siminti da fenti, madubin kuma ya haska ɗakin maƙwabci, a sami abin faɗa.

Amma Sinawa sun fi son gida ya kalli kudu, wannan kuwa yana da tushe. A arewacin Sin iskar sanyi daga arewa take zuwa, rana kuma duk shekara ta kudu take ratsawa, shi ya sa tsohuwar fadar sarakunansu a Beijing ke kallon kudu. Mu muna kusan digiri 12 ne arewa da layin ikwaita da ya raba duniya biyu. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Agusta rana ta arewa da mu take bi. Ɗaki ake so ya yi sanyi a nan, ba ɗumi ba.

Abokin gabarmu bangon yamma ne. Daga azahar zuwa faɗuwar rana bulo yana shan zafi, ya riƙe shi, ya sako shi cikin dare; shi ne dalilin da ɗakin yamma ba ya kwantuwa a watan Afrilu ko da fanka. Don haka a miƙe tsawon gini daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli arewa da kudu, biyu suna fuskantar juna don iska ta ratsa. A bar yamma ga sito, ko matakala, ko banɗaki. Bakin rufi ya fito aƙalla santimita 60. Da yawa suna rage shi don tsimin kwano, sai bango ya rasa inuwa.

Gabas kuma ta hadari ce. Iskar farkon damina daga can take tasowa, ita ke yaye kwano ta kuma buga ruwa ƙarƙashin ƙofa. A ɗaure katakon rufi da ƙarfe cikin lintel, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofofi da tagogi, kada a dogara da ƙusa kawai, a ɗaga dokin ƙofa, indararo ya zubar nesa da gindin bango. Ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take shigowa, tagar wannan ɓangaren ta zama mai rufuwa ruf.

Wanda fili ya tilasta masa ƙofa ta kalli yamma, kada ya rushe komai. Ya yi baranda mai faɗin mita biyu ko zaure a gaba, ya shafa farin fenti a bangon, ya dasa dogon yaro kamar mita biyar daga tushen gini saboda saiwa.

Nahiya ɗaya da ya wajaba a auna tun ranar fitar da tushe ita ce alƙibla. A Birnin Kebbi kusan digiri 70 take daga arewa, wato gabas da ɗan karkata hagu. A kafa mazaunin banɗaki ya kalli kudu ko arewa, tun kafin mai famfo ya binne bututu.

Naku,
Mai zanen gine-gine, Birnin Kebbi